Baba Isufu yana rage rassan dogon yaro

A cikin filin makarantar su Sani akwai wani babban dogon yaro. Wani reshensa ya bushe, ya kuma rataya bisa hanyar da yara suke bi zuwa aji. Damina ta kusa. In iskar hadari ta taso, reshen nan zai iya faɗowa kan wani.

Ran Alhamis da safe, Baba Isufu, mai gadin makaranta, ya zo da zarto. An ɗaure zarton tamau a bakin wata gora mai tsawon metir 3. Da wannan zarto mutum yana yanke reshe ƙafarsa tana ƙasa, ba sai ya hau icce ba.

Bai fara yanka nan da nan ba. Ya zagaya iccen sau biyu yana duban sama. Sani ya ce: «Baba, me kake nema?» Ya ce: «Wayar lantarki da gidan zuma, ɗana. Da akwai waya kusa, da ban taɓa iccen nan ba, sai ma'aikatan lantarki sun zo. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, gora ma in ta jiƙa haka.»

Malam ya ja layi a ƙasa, nesa da inuwar iccen, ya ce kada kowa ya ƙetare shi.

Baba Isufu ya sa tabarau saboda garin icce, ya tsaya a gefe, gorar tana karkace. Wanda ya tsaya daidai ƙarƙashin reshe, a kansa reshen zai sauka. Da farko ya ɗan tsaga reshen daga ƙasa, kamar taƙi biyu daga jikin iccen. Sannan ya koma ta sama, gaba kaɗan da tsagar, yana jan zarto sannu sannu. Reshen ya yi ƙara, ya faɗi tim! Daga baya ya cire guntun da ya rage, amma bai shiga cikin jikin iccen ba.

Hadiza ta ce: «Baba, don me ka yanka har sau uku?» Ya ce: «Reshe yana da nauyi, ɗiyata. In ta sama kaɗai aka yanke shi, zai ɓalle ya saɓule ɓawon icce. Ta wannan rauni ne gara da ruɓa suke shiga.»

Akwai wani reshe mai kaurin cinya can sama. Baba Isufu ya dube shi, ya ce wannan ya fi ƙarfin gora, a kira ma'aikacin gandun daji.

Tambayoyi
1. Me Baba Isufu ya duba kafin ya fara aiki?
2. Ina mai yanka yake tsayawa? Don me?
3. Zana reshe cikin littafinka, ka nuna wuraren yanka uku.