Darasi: Lura da tsoho mai ciwon mantuwa da dare

'Yan'uwa, da wuya a sami ƙauyen da babu gida irin wannan. Baba ya tsufa, ya fara mance sunayen jikokinsa. Da rana yana zaune lafiya a gindin bishiya. Da tsakar dare kuwa sai ya tashi ya saɓi fartanya, ya ce gona zai tafi, ko ya ce zai koma gida alhali a gidansa yake. 'Yarsa ko surukarsa takan kwana ido biyu tana sauraron ƙyaure, da safe kuma ga ɗebo ruwa, ga girki, ga noma. A wannan darasi za mu ga yadda ake tsaron irin waɗannan tsofaffi da na'urori a wasu ƙasashe, da abin da za mu iya ɗauka mu yi a gidajenmu.

Wane irin ciwo ne?

Mukan ce gigin tsufa ne. Likitoci kuwa sun nuna ciwo ne da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce, wadda wani likitan Jamus mai suna Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Wasu kuma toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke jawo musu, kuma hawan jini yana ƙara wannan haɗari. Saboda haka idan muka ga tsohuwa tana yawo cikin dare tana surutai, mu sani marar lafiya ce. Kada mu bari a kira ta mayya.

Me ya sa abin ya fi tsanani da dare?

Ciwon yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke rarrabe lokacin barci da na tashi. Da yawa sukan fara rikicewa tun da almuru. Cikin duhu, rigar da aka rataye takan zama musu mutum. Sau da yawa kuma fitsari ne, ko yunwa, ko ciwon jiki ya tashe su, sai su fita su kasa gane hanyar komowa. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce shida cikin goma na masu ciwon za su fita su ɓace aƙalla sau ɗaya.

Na'urorin da ake amfani da su

A Ingila da Amurka iyalai da yawa suna sa ƙananan na'urori iri uku.

Ta farko ta ƙofa ce. Guda biyu ne, ɗaya a jikin ƙyaure mai maganaɗisu, ɗaya a jikin bango. Da an buɗe ƙofa suka rabu, sai ta ba da sanarwa.

Ta biyu mai jin motsi ce. Ba ta ɗaukar hoto. Ɗumin jikin mutum take ji idan ya gilma ta gabanta.

Ta uku shimfiɗa ce da ake sawa ƙarƙashin katifa. Idan nauyin mutum ya bar gadon, ta sani.

Dukansu suna aika saƙo ga wani ɗan akwati a gidan, shi kuma ya tura wa wayar mai jinya. Hikimar tana wajen tsara su. Misali, akan ce su yi aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe kawai. In tsoho ya sauka daga gado, fitila ta kama a hankali ta haska masa hanyar bayan gida, ba a ta da kowa ba. In kwata ta wuce bai komo ba, wayar ta yi ƙara. In ƙofar waje ce ta buɗe, ta yi ƙara nan take. Ƙarar kuma a ɗakin mai jinya take tashi, domin in ta tashi a kunnen tsohon sai ta firgita shi.

Amma na'ura ba ta riƙe hannun kowa. Kira kawai take yi, dole a sami wanda zai tashi. Batir yakan mutu, intanet yakan yanke, kyanwa ma takan sa ta ƙara a banza. Kyamara a ɗakin kwana kuwa tana taɓa mutuncin tsoho, shi ya sa ya kamata a nemi yardarsa tun yana iya ganewa.

Abin da za mu iya yi a ƙauye

Aikin waɗannan na'urori biyu ne: a haska wa tsoho hanya, a kuma ta da mai jinya lokacin da ya dace. Muna iya yin duka biyun ba tare da intanet ba.

1. Mu rataya ƙararrawa, ko gwangwani mai tsakuwa, a saman ƙyauren ɗakinsa da na zaure.
2. A kasuwannin birni ana samun fitilar sola mai kamawa da kanta idan ta ji motsi, da ƙaramar na'urar ƙofa mai batir. Mu sa fitilar tsakanin ɗakinsa da bayan gida, na'urar kuma a ƙofar waje. Mu gwada su kowane mako.
3. Mu rufe rijiya da murfi mai nauyi, mu kashe wutar murhu, mu ɓoye maganin ƙwari da kananzir, mu kawar da turmi da igiyar dabbobi daga hanya.
4. Mu ajiye masa fo kusa da gado, mu raka shi fitsari kafin ya kwanta. Ya sha ruwa sosai da rana. Goro da shayi kuwa a bari sai da safe.
5. Da rana ya sha hantsi, ya yi ɗan aiki kamar ɓarar gyaɗa, kada ya wuni yana barci.
6. Mu ɗinka sunan gida da lambar waya a cikin rigarsa, mu kuma sanar da maƙwabta da 'yan banga.

In mun same shi a waje, kada mu yi masa tsawa ko gardama. Mu ce, “Baba, gari bai waye ba tukuna. Zo mu sha kunu, sai mu tafi tare.” Sau da yawa kafin ya gama sha ya mance da tafiyar.

Abin da za mu guje wa

Kada mu ɗaure shi, kada kuma mu kulle shi daga waje mu tafi, domin in gobara ta tashi ba shi da mafita. Kada mu sayo masa maganin barci a kemis, yana ƙara rikicewa da faɗuwa. In rikicewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, mu kai shi asibiti, domin zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki na iya jawo haka, kuma suna da magani.

Mai jinya ma yana bukatar barci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan zumuntar mata da matasa suka raba dare biyu a mako, surukar nan za ta samu ta huta, tsohon kuma zai sami mai haƙuri da shi da safe.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me mutanen garinmu suke cewa game da tsohon da ke yawon dare? Me muka koya yau?
2. Waɗanne wurare ne masu haɗari a gidajenmu da kewayen ƙauyenmu?
3. Wa ke kwana ido biyu a ikilisiyarmu, yaushe kuma muka tambaye shi lafiyarsa?

Abin yi a wannan mako

Mu zaɓi mutum biyu su ziyarci gida ɗaya mai irin wannan tsoho. Su zagaya gidan tare da iyalin bayan faɗuwar rana, su ga abin da tsohon yake gani cikin duhu, su rataya ƙararrawa, sa'an nan su kawo mana rahoto ran Lahadi.