Wa Ya Gayyato Maciji Gidanmu?

Masu iya magana sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka zancen maciji yake. Ba mutum yake nema ba in ya shigo gida, abinci da maɓoya yake nema. Sau da yawa kuwa mu ne muke tanadar masa su, ba mu sani ba.

Yadda abin yake faruwa

Hatsin da ya zube bayan sussuka, da dusa, da kwanon tuwon da ya kwana a buɗe, su ke kiran kusu, wato ɓera. Kusu na haihuwa bayan ciki na wajen mako 3, don haka nan da nan sai su cika gida. Inda kusu ya yi yawa, maciji na tafe, gama abincinsa ke nan. Ruwan da ke kwance gindin randa ko a bakin makwarara yana tara kwaɗi, su ma macizai na cin su. Gamsheƙa kuma tana bin ƙwai da ƴan tsaki har cikin akurki.

In ya ƙoshi, sai ya nemi wurin kwanciya: tarin itace ko kara jikin ɗaki, tsohon tubali, ciyawa gindin danga, da ramukan da kusu ya haƙa.

Kusu kansa ba baƙon kirki ba ne. Fitsarinsa da kashinsa a kan abinci suna kawo cuta, har da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na Najeriya a 1969.

Abin da za mu yi

1. A share tsakar gida kowace yamma, a kai shara nesa.
2. A rufe abinci da ruwan sha da murfi mai kamawa.
3. A ɗora rumbu kan duwatsu, a riƙa share ƙarƙashinsa.
4. A toshe ramuka da tsagar bango da laka.
5. A tara itace da kara nesa da ɗakin kwana, a nome ciyawar da ke kewaye da gida.
6. Kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane.
7. A kwana cikin gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa.
8. In za a fita da dare, a sa takalmi, a riƙe fitila.

In maciji ya sari mutum

Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da awarwaro tun kafin kumburi. A kwantar da shi, kada ya motsa gaɓar, a ɗauke shi zuwa asibiti maza. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Mutum na iya cewa ya ji sauƙi, daga baya jini ya soma fita ta dasashi ko cikin fitsari. Kada a jira sai an ga haka. In gamsheƙa ta feshi mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, sa'an nan a tafi asibiti.

Tambayoyi

1. Mene ne ke kiran kusu a gidanku?
2. Ina itacen girkinku yake yanzu?
3. Wane gyara ɗaya za ku yi yau kafin rana ta faɗi?