Shawarwari 7: Yadda Gida da Kasuwa Za Su Raya Itatuwa a Toumboutou

Mai gidan burodi, mai bandar kifi a bakin Kwara, matan da ke turara shinkafa: kusan kowace sana'a a Toumboutou da Malanville itace take ci. Kowace 1 ga Yuni ana bikin Ranar Itace a faɗin Benin, amma dashen da ya tsallake bazara shi ne riba. Ga yadda za ku jawo 'yan kasuwa cikin aikin.

1. Ku fara da wanda kuke ciniki da shi. Mai injin casar shinkafa da dillalin albasa sun san gonarku, kuma cinikinsu a kanta ya rataya. Ku je ku biyar ko goma da magana ɗaya, domin ɗan kasuwa ya fi sauraron ƙungiya.

2. Ku roƙi shinge kafin dashe. Abin da ke kashe dashe a nan awaki ne da ƙishin rani. Tsofaffin kwanduna, ragar waya da jarkokin da mai shago ya daina amfani da su sun fi masa sauƙin bayarwa a kan kuɗi.

3. Ku dasa idan damina ta kankama. Ku jira ƙasa ta sha ruwa sosai a Yuni ko Yuli, ku haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, ku gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ku yaga ledar dashen a hankali, ku dasa da la'asar don kada rana ta dafa shi.

4. Ku zaɓi itacen da zai biya wahalarsa. Zogale na ba da ganye tun shekarar farko, mangwaro mai aure na kawo kuɗi, gawo kuwa na zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana. Ku binne ƙwallon giginya a gefen fadama kamar mutanen Gaya, don muruci yanzu da azara gaba.

5. Kada ku tumɓuke kututture mai tofo. Tun 1983 manoman Maraɗi suka fara barin rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, suna sassabe sauran. Da wannan sassaben zamani Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, kuma wuƙa kaɗai yake buƙata.

6. Kada ruwan gida ya tafi a banza. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ya ishi dashe biyu a tsakar gida. Ku binne tsohon tulu kusa da saiwa, ku riƙa cika shi, ku rufe gindin da buntu don danshi ya daɗe.

7. Ku nuna wa mai tallafi sakamako. Bayan bazara ku ƙirga waɗanda suka rayu, ku kai shi ya gani, ku gode masa a gaban jama'a. Wanda ya ga kayansa ba su salwanta ba, zai ƙara baɗi, maƙwabcinsa na kasuwa ma ba zai yarda a bar shi a baya ba.