Abincin Ɗan Agwagwa

Agwagwa irin wadda aka fi kiwo a ƙasar Hausa takan yi kwana 35 a kan ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe. Ran da ɗan agwagwa ya fito ba ya jin yunwa, domin kafin ya fasa ɓawo ya riga ya shigar da sauran gwaiduwa cikin cikinsa. Wannan guzuri yakan riƙe shi kamar kwana biyu. Daga nan kuwa sai ya soma neman abinci.

Ɗan agwagwa ba shi da haƙori. A gefen bakinsa akwai 'yan tsage-tsage kamar na matsefi, da su yake tace abinci daga ruwa. In ya haɗiye, sai abincin ya bi maƙogwaro ya faɗa wani ɗan tumbi mai ruwa tsami, sa'an nan ya wuce cikin ƙundu. Ƙundu shi ne dutsen niƙansa. Nama ne mai ƙarfi, yana murza abinci da 'yan tsakuwoyin da tsuntsun ya haɗiye. Saboda haka in za a ba shi tsaki ko ganye, sai a ajiye masa yashi mai tsabta kusa.

Ruwa kuwa shi ne babba. Ɗan agwagwa yakan ci loma, ya ruga ya sha, ya komo. In ya ci busasshiyar dusa ba ruwa kusa, tana iya shaƙe shi. A zuba ruwan a kasko, zurfinsa ya kai ya tsoma baki har hanci, amma kada ya kai ya nutse. Gashinsa na fari bai iya tare ruwa ba tukuna, in ya jiƙe sanyi ya kama shi.

Abincin da ya dace da shi shi ne na tsaki da ake sayarwa, ko kuwa niƙaƙƙiyar dawa da dusa, a haɗa da gara da tana da yankakken ganyen zogale ko alayyafo. A dama da ɗan ruwa, a ba shi gwargwadon abin da zai cinye nan take, gama jiƙaƙƙiyar dusa ba ta daɗewa da zafin rana take tsami. Burodi da ragowar tuwo suna cika ciki ne kawai. Wanda aka raina da su kaɗai, ƙafafunsa sukan lanƙwashe, ya kasa tafiya.

Babban abokin gabansa shi ne fumfuna. A shekarar 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, 'ya'yan agwagi kuma suka yi ta mutuwa a Kenya. Da masana suka bincika, sai suka tarar da wani dafi da fumfunar gyaɗa ke fitarwa, wanda ke lalata hanta. A cikin tsuntsayen gida, ɗan agwagwa ne ya fi saurin mutuwa da shi. Gyaɗa ko masara ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna, a binne shi. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi.

Yaro mai lura yakan duba kashin ɗan agwagwarsa kowace safiya. Kashin agwagwa dama ruwa-ruwa ne, wani lokaci kuma ya fito baƙi mai wari ƙwarai. Wannan ba ciwo ba ne, ko da yake hanci ba zai yarda ba. Amma in an ga jini, ko kashi ya bushe ya toshe masa gindi, ko ya takure ya ƙi ci, to, ba lafiya. A goge masa gindin da tsumma da ruwan ɗumi, a sa shi wuri mai ɗumi, a gaya wa babba ya kai shi wurin malamin dabbobi ran nan. Bayan haka yaron ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya taɓa abinci.