Ciyar Da Mai Ciwon Daji A Asibiti: Nauyin Wane Ne?

 

Mai karatu ya sani cewa ciwon daji, wato sankara, yana cinye naman jikin majinyaci, maganinsa kuma yakan jawo tashin zuciya da gyambon baki, har abinci ya fita daga ransa. Idan ciwon ya kama maƙogwaro, haɗiya takan gagara. A nan likitoci sukan zura roba ta hanci zuwa ciki, a riƙa ɗura abinci mai ruwa-ruwa. In kuwa hanji ya kasa aiki, sai a ba da abincin ta jijiya, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Jikin da ya rame ba ya jure wa tiyata ko magani mai ƙarfi, saboda haka wannan ciyarwa ɓangare ce ta jinya. Amma sau da yawa kuɗin dangi yakan ƙare a kan allurai da gwaje-gwaje. To, wa zai ɗauki nauyin abincin?

Na farko, iyali. A mazhabar Malikiyya wajibi ne miji ya ciyar da matarsa, uba ya ciyar da ƙananan 'ya'yansa, ɗa mai hali kuma ya ciyar da iyayensa matalauta. Cuta ba ta kayar da wannan wajibi.

Na biyu, zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci jinsi 8 na waɗanda ake ba su ita, cikinsu har da faƙirai, da miskinai, da masu bashi. Wanda jinya ta talauta, ko ya ci bashi dominta ya kasa biya, ya shiga cikinsu.

Na uku, waƙafi. A shekarar 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, ya tsayar masa da dukiyar waƙafi wadda daga ribarta ake ba majinyata magani da abinci kyauta. Wannan ƙofa tana nan buɗe ga mawadata har yau.

Idan iyali suka gaza, tseratar da rai daga yunwa farilla ce ta kifaya: wasu suka yi ta faɗi a kan saura, kowa ya bari kowa ya yi laifi. Mai zuwa dubiya kuma, kafin ya sayi tsaraba, ya kamata ya tambayi masu jinya abin da majinyacin yake iya haɗiyewa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi. Allah ne Mafi sani.