Yadda Ake Zama da Likita a Tsara Maganin Hawan Jinin Huhu

A ce ga wata mata a Rigachikun da a da take ɗauko jarkar ruwa daga bohol ba ta tsaya ba, yanzu kuma sharar tsakar gida kaɗai ke sa ta haki har sai ta dafa bango. Idan aka kai ta kemis, abu na farko shi ne a ɗaura mata abin awon jini a dantse, kuma sau da yawa awon zai fito lafiya ƙalau. Sai a ce asma ce, ko ƙarancin jini, ko gajiyar aiki. Hawan jinin huhu ba ya bayyana a dantse. Yana can cikin jijiyoyin da ke kai jini daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu: su ƙuntace, su yi tauri, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi har ta gaji. Ƙa'idar da likitocin zuciya da na huhu na Turai suka fitar a 2022 ta ce idan matsakaicin matsin jini a wannan jijiya ya haura 20, ciwon ya tabbata. A da sai ya kai 25.

Ciwo ne da akasari ake zama da shi shekaru, ana lallaɓawa. Likita ya san cutar, amma bai san aljihun maigidan ba, bai san ko ana jiran matar ta sake haihuwa ba, bai san abin da take sha a gida ba. Sai an haɗa sanin biyu kafin magani ya zauna daidai.

Aikin yana farawa tun daga gida. Rigachikun na kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, don haka asibitocin koyarwa biyu na kusa: Barau Dikko a cikin garin Kaduna, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A nemi takardar turawa zuwa likitan zuciya daga asibitin da aka fara zuwa. A tattara duk magungunan da ake sha a leda ɗaya, har da jiƙe-jiƙe da na gargajiya, ba tare da an ɓoye komai don gudun faɗa ba. Sannan a samu ƙaramin littafi a rubuta amsoshin da likita zai nema: ina take iya kaiwa da ƙafa kafin ta tsaya, ƙofar gida ko bakin titi? Ta taɓa suma? Ƙafa na kumbura? Matashi nawa take tarawa kafin ta iya barci? Da irin waɗannan amsoshi likitoci ke sa mai ciwon a ɗaya daga matakai 4, daga wanda aiki bai dame shi ba zuwa wanda ke haki yana zaune. "Da sauƙi, Likita," amsa ce ta ladabi, amma idan da gaske babu sauƙin, tana iya sa a bar mutum a kan maganin da ya riga ya gaza. A tafi da mutum ɗaya mai iya rubutu. Idan bayanin ya koma Turanci zalla, babu laifi a roƙi a maimaita da Hausa.

Tambaya mafi nauyi ta zo a zama na farko ko na biyu: "Likita, wane iri ne nawa, kuma me ya jawo shi?" Likitoci sun kasa hawan jinin huhu gida 5, kuma maganin wani gida na iya cutar da ɗan wani gidan. Wanda ciwonsa ke cikin jijiyoyin huhun kansu shi ne na gida na farko, kuma yana iya biyo bayan cutar ƙanjamau, ko ramin zuciya da aka haifi mutum da shi, ko ciwon hanta, ko irin tsargiyar da ke kama hanji da hanta, ko ya zo haka kawai. Amma ba shi ya fi yawa a nahiyar nan ba. Binciken PAPUCO da aka yi a Najeriya, Kamaru, Mozambik da Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2016, ya gano cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon matsalarsu daga ɓangaren hagu na zuciya take, kashi 16 ne kawai 'yan gida na farko.

Wannan ya shafi ƙasar Zazzau kai tsaye. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Matar da zuciyarta ta hagu ta raunana, idan aka ba ta maganin buɗe jijiyoyin huhu, ruwa na iya taruwa a huhunta. Ita maganin zuciya take buƙata. Wanda tarin tibi ya lalata wa huhu, ko wadda ta shekara talatin tana shaƙar hayaƙin itace a madafa, nasu daban ne. Wanda gudan jini ya toshe wa jijiya shi ma daban, don maganin tsinka jini ne tushen jinyarsa, wani lokaci har da tiyata.

Sai masu sikila. A wani bincike da Dokta Zakari Aliyu da abokan aikinsa suka yi a Zariya, aka wallafa a 2008, kusan kashi 25 cikin 100 na masu sikila 208 da aka duba sun nuna alamar hawan matsin jinin huhu a hoton zuciya. A Amurka kuma, a 2009, an dakatar da gwajin sildenafil, maganin buɗe jijiyoyin huhu, a kan masu sikila tun bai ƙare ba, saboda masu shan sa sun fi yawan kwanciya da ciwon ƙashi. Don haka mai sikila ya nemi likitan jini da likitan zuciya su yi magana da juna a kansa. Sau da yawa abin da za a fara gyarawa shi ne jinyar sikilar kanta, da hydroxyurea ko ƙarin jini.

Hoton zuciya da ake kira eko kiyasi yake bayarwa. Abin da ke tabbatarwa shi ne siririn bututu da ake zurawa ta jijiyar wuya ko ta matsematsi har ɓangaren dama na zuciya a auna matsin a can. Ba kowane asibiti ke yin sa ba, kuma yana da tsada. Kafin iyali su sayar da akuya ko su ci bashi, su tambaya: a ina ake yi, nawa ne, kuma me zai canja a magani idan sakamakon ya fito haka ko haka? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Idan an tabbatar na gida na farko ne, sai zaɓen magani. Sildenafil ana shan miligiram 20 sau uku a rana. Tadalafil sau ɗaya ne. Bosentan na buƙatar gwajin hanta kowane wata. Akwai ambrisentan, kuma a yau an fi son a haɗa iri biyu tun farko idan hali ya ba da. Amurka ta amince da sabuwar allura, sotatercept, a 2024, amma kuɗinta ya yi wa yawancin gidajen nan nisa. Magungunan hawan jini da aka saba da su, irin su nifedipine da amlodipine, 'yan ƙalilan suke yi wa aiki, waɗanda gwaji na musamman lokacin zura bututu ya nuna jijiyoyinsu na saki. Aron ƙwayar maƙwabci a nan ganganci ne.

A wannan gaɓa ce ya kamata a ajiye kunya a faɗi gaskiyar kuɗi. Maganin da aka fara aka yanke kwatsam saboda kuɗi sun ƙare a tsakiyar wata na iya sa ciwon ya dawo da ƙarfi. Gara maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da zan iya duk wata ke nan," a gina tsarin a kan haka. A bincika abin da inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ko ta tarayya, NHIA, ke ɗauka daga cikin gwaje-gwaje da magunguna. A sayi magani a inda likita ya amince, a duba lambar NAFDAC a kwali.

Akwai wata kunyar kuma. Sildenafil shi ne sinadarin da ke cikin Viagra, kuma matar da ta ji haka a bakin mai kemis na iya jefar da kwalin, ko mijin ya yi wani zato. Likita ya bayyana musu tare tun a ofis. Kada kuma a maye gurbinsa da maganin ƙarfin maza na tasha, wanda ba a san adadin abin da ke ciki ba. Mai shan maganin ciwon ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe ya sanar, domin haɗuwarsu da sildenafil na faɗar da jini warwas.

Maganar ciki ita ce mafi zafi, kuma ba a barin ta sai an samu. Juna biyu na ɗora wa zuciyar dama nauyin da sau da yawa ba ta iya ɗauka, musamman a kwanakin da suka biyo bayan haihuwa, shi ya sa likitoci ke ba masu ciwon gida na farko shawarar kauce masa. Bosentan da ambrisentan na nakasa ɗan tayi, bosentan kuma na rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Matar da ta koma gida ita kaɗai da wannan labari za ta sha tambayoyi daga dangin miji. Ya fi mata sauƙi mijin ya ji da kunnensa, idan ta yarda har uwar mijin ta zo. Wadda ta riga ta samu ciki ta koma asibiti a ranar da ta gane, ba tare da ta yanke magani da kanta ba.

Azumi da aikin Hajji ma a tattauna su da wuri, wata ɗaya ko biyu kafin lokaci. Mai shan ƙwaya sau uku a rana da maganin sa fitsari ba zai matse su tsakanin buɗa-baki da sahur ba tare da izini ba. Likita na iya sauya tsarin, ko ya ce a sha azumin, kuma shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame. Ga mai zuwa Hajji kuma, iskar cikin jirgin sama ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, wasu sai da iskar oksijin.

Daga nan sai bibiya, akasari duk wata 3 zuwa 6. Ana sa mai ciwon ya yi tafiyar minti 6 a baranda a auna mita nawa ya ci, a kwatanta da na baya. A gida kuma a rage gishiri, kanwa da dunƙulen magi, a riƙa hawa sikeli da safe, domin ƙarin kilo biyu cikin kwana biyu ko uku ruwa ne ke taruwa. A rufe hanci idan ƙurar hunturu ta sauko. Suma, tarin jini, ciwon ƙirji ko haki a zaune ba sa jiran ranar da aka rubuta a kati. Kafin a tashi daga gaban likita, ɗan rakiya ya rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa, gwajin da za a zo da shi, ranar dawowa, da sashen gaggawar da za a nufa idan numfashi ya rikice cikin dare, Barau Dikko ko Shika.