Amsar Tambaya: Sirrin Kasuwa a Hannun Mai Haɗa Manhaja

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Yakité, Kilomita Biyar, Bangui. Za a haɗa mini manhajar waya ta lissafin bashi. Yaya zan kare sirrina?

Amsa: Malam, kada ka buɗe wa mai haɗa manhajar littafin bashinka sai ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Yarjejeniyar Bangui ta 1977, wadda ta kafa OAPI (ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka), bayan gyaran 1999 tana kare rubutacciyar manhaja, amma ban da dabarar da ke kanka. Don haka a fayyace a takardar cewa sunayen masu bashi, lambobin wayarsu da farashin sarinka ba za su fita ba, ko bayan kun rabu. Mallaka ta fi damuna: in bai sallama maka manhajar a rubuce ba, gobe yana iya cewa tasa ce. Lauya ya duba tukuna, sannan ka ba da kafin alƙalami.